AMSAR TAMBAYOYINKU: Tarihin Alƙalin Bidiyo Da Iyakar Ikonsa A Filin Wasa

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Tudun Wada, Zariya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce gardama ta hana su sakat a rumfarsu. Kullum yara suka dawo daga gidan kallo sai ka ji suna cewa wai alƙalin bidiyo ya soke ƙwallo, ko ya ba da fenareti. Shi ne yake so a yi masa bayani: wane ne wannan alƙali, a ina aka samo shi, kuma tsakaninsa da mai usur wa ke gaba da wani?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma muna amsa gaisuwa. Sai ka gyara zama, domin amsar tana da ɗan tsawo.

Da farko dai, wannan gardama ta girmi bidiyo nesa ba kusa ba. Lokacin da Turawan Ingila suka fara tsara ƙwallon ƙafa, babu wani alƙali a cikin fili. In rigima ta tashi, kyaftin-kyaftin ɗin ne ke sasantawa. Da abin ya ƙi, sai kowace ƙungiya ta riƙa zuwa da nata mai sa ido. In waɗannan biyun suka kasa daidaitawa, sai a kai maganar gaban wani mutum na uku da ke tsaye a gefen fili. Sai a 1891 aka shigo da mutumin nan tsakiyar fili, aka ba shi wuƙa da nama, su kuma biyun aka mayar da su bakin layi, su ne masu tuta na yau. Dalili kuwa shi ne an gaji da tsayar da wasa ana ka-ce-na-ce. Ka riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

Shi kuwa alƙalin bidiyo, ba a ƙwallon ƙafa aka fara shi ba. Wasan kurket ma ya riga shi, a 1992, a birnin Durban na Afirka ta Kudu, a karawarsu da Indiya. Shahararren ɗan wasan Indiya Sachin Tendulkar shi ne mutum na farko da hoton talabijin ya fitar daga fili. Amma inda abin ya kafu sosai, har ya zama jiki, shi ne wasan zari-ruga.

Zari-ruga wasa ne da ake yi da ƙwallo mai siffar gwanda, a ɗauke ta a hannu a ruga da ita, abokan karawa kuma su yi ta ƙoƙarin ka da mai ita. Iri biyu ne. Akwai na mutum 15, akwai na mutum 13, kuma na 13 ɗin muke magana. Shi wannan na talakawa ne tun asali. A ranar 29 ga Agusta, 1895, ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar ƙungiya. 'Yan wasansu leburori ne masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa, in sun tafi wasa ranar Asabar sun rasa kuɗin aikin ranar. Suka ce a biya su wannan asara, masu hannu da shuni na Landan suka ce ba su san zancen ba. Daga nan aka raba gari. Wasan ya isa Ostireliya a 1908, kuma a can ne ya fi karɓuwa.

A wannan wasa, babban ci shi ne mutum ya dire ƙwallo a ƙasa bayan layin abokan karawa, ya sami maki 4. To sau da yawa a daidai wannan lokaci ƙarti huɗu ko biyar sun danne shi kamar an jibge buhunan masara. Ƙwallon ta taɓa ƙasa, ko hannun wani ne a ƙarƙashinta? Ƙafarsa ta taka layin gefe kafin ya dire? Ko alƙali na da ido huɗu ba zai gani ba. Saboda haka a 1996, da aka kafa gasar Super League a Ingila da kuɗin masu gidan talabijin, sai aka ajiye wani alƙali a gaban akwatin talabijin. In mai usur ya yi kokwanto, sai ya zana siffar akwati da hannuwansa a iska, na bidiyo ya duba, a rubuta hukunci a babban allo kowa ya gani. Ostireliya ma ta bi sahu ba da jimawa ba.

Jama'a suka yi murna da farko. Amma ba a daɗe ba sai ƙorafi ya taso ta fuska uku. Na ɗaya, alƙalan fili suka zama matsorata, abin da suka gani ƙiri-ƙiri ma sai su tura wa na bidiyo, 'yan kallo su yi ta hamma. Na biyu, hoton da aka rage wa gudu yakan sa ƙaramin abu ya zama babba, hannun da ya goga kawai sai ya yi kama da duka. Na uku, a Ingila an yi shekaru ba a sa alƙalin bidiyo sai a wasan da ake nunawa a talabijin, wato gasa ɗaya amma mudu biyu.

Sai aka shiga gyara. Aka ce lallai mai usur ya fara faɗin nasa hukuncin, ci ne ko ba ci ba ne, kafin ya tura. Na bidiyo ba zai rushe ba sai ya ga hujja bayyananna. A 2016 Ostireliya ta tattara alƙalan bidiyo a ɗaki guda a birnin Sidni, cike da allunan talabijin, daga nan suke duba wasannin gasar duka. A 2020 kuma aka ba kyaftin damar ɗaukaka ƙara nan take. In ya yi gaskiya damarsa na nan, in ya faɗi ta tafi ke nan. Duk da haka kuskure bai ƙare ba. A 2022, a wasan Wests Tigers da North Queensland Cowboys, lokaci ya riga ya cika Tigers na gaba, sai ɗakin bidiyo ya ba Cowboys bugu, suka ci wasan 27 da 26. Bayan an tashi hukumar gasar da kanta ta fito ta ce hukuncin ba daidai ba ne. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Yanzu bari mu dawo gida, kan ƙwallon ƙafa, inda abin ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar 2000 ba zai manta da ranar 13 ga Fabrairu ba. Wasan ƙarshe na Kofin Afirka ne a Legas, mu da Kamaru. Ɗan Kaduna Tijjani Babangida ne ya kai mu can da ƙwallaye biyun da ya zura wa Afirka ta Kudu. Aka tashi 2 da 2, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama, ta dira bayan layi, ta fito. Alƙalin wasa Mourad Daami na Tunisiya ya ce ba ta shiga ba. Masu kallo a talabijin suka ga ta shiga, amma doka ba ta ba alƙali damar dubawa ba. Kamaru ta ɗauki kofi 4 da 3, a gidanmu.

Irin wannan ya sha faruwa a duniya. Maradona ya ci Ingila da hannu a 1986. A 2010 ƙwallon Frank Lampard ta wuce layin Jamus sosai, aka hana. Bayan wannan ne hukumomin ƙwallo suka sauko. A 2012 aka amince da na'urar da ke nuna ko ƙwallo ta ƙetare layin raga, sannan a watan Maris na 2018 aka shigar da alƙalin bidiyo, wanda yara ke kira VAR, cikin dokokin wasa. Dokar ta wannan shekara ta yanke masa gona, abubuwa huɗu kawai zai sa baki a kansu: cin ƙwallo, fenareti, jan kati na kai tsaye, da kuma in an hukunta wani a madadin wani. A nan ɗin ma sai in kuskuren a fili yake. Kuma ta ce magana ta ƙarshe ta mai usur ce.

Mun ɗanɗana daɗin abin, mun kuma sha ɗacinsa. A Kofin Duniya na 2018 a Rasha, ranar da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu, bidiyo ya ba su fenareti, Allah ya taimake mu ɗan wasansu ya ɗaga ta sama. Kwana huɗu bayan haka, ranar 26 ga Yuni, muna 1 da 1 da Ajantina, ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo a cikin da'irarsu. Alƙali ɗan Turkiyya ya je gefe ya kalli hoton da idonsa, ya dawo ya ce babu fenareti, domin daga kansa ƙwallon ta faɗo masa a hannu. Rojon nan dai shi ya ci mu a minti na 86, muka dawo gida. A 2019, a Kofin Duniya na mata, 'yar Faransa ta ɓarar da fenareti, bidiyo ya ce golarmu Chiamaka Nnadozie ta matso daga layi kafin a buga. Aka sake, aka ci mu 1 da nema. Ranar 7 ga Fabrairu, 2024 kuma, a garin Bouaké na Kwaddibuwa, Victor Osimhen ya ci Afirka ta Kudu ta biyu, ana tsalle ana murna, sai aka kira alƙali gefe. Ya soke ƙwallon, ya koma can ɗaya gefen ya ba su fenareti, saboda laifin da aka yi tun kafin mu taso da ƙwallon. Suka farke, sai da bugun fenareti muka tsira 4 da 2. Ranar an sha hawan jini a gidajen kallo.

Akwai kuma ranar da na'urar ta ƙi aiki gaba ɗaya. A wasan ƙarshe na zakarun kulob-kulob na Afirka a 2019, tsakanin Esperance ta Tunisiya da Wydad ta Maroko, an hana Wydad ƙwallo, suka ce a duba bidiyo, aka ce ya lalace. Suka ƙi ci gaba da wasa, aka watse a haka. 

To Malam, ga amsar tambayarka ta ƙarshe. A doka, mai usur ne gaba. Alƙalin bidiyo matsayinsa na shaida ne. Kai ka san a kotun alƙali shaida yakan faɗi abin da ya gani, amma ba ya hawa buzu ya yanke hukunci.

In kuwa ra'ayinmu kake so, sai mu ce tarihin nan ya raba hukunci gida biyu, kuma kai ɗan kasuwa ka fi kowa sanin bambancin. In aka kawo maka buhun masara, nauyinsa aikin sikeli ne, ba mai jayayya da shi. Amma ko masarar ta bushe, ko akwai ƙwari, ko an cika ƙasan buhu da tsakuwa, wannan sai ka zura hannu, ka ɗebo, ka tauna. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ƙwallo ta wuce layi ko ba ta wuce ba, ƙafa ta taka ko ba ta taka ba, an yi satar gida ko ba a yi ba, wannan aikin awo ne, a bar wa na'ura. Da tana nan a 2000, da ba a hana Ikpeba ƙwallonsa ba. Amma ko da gangan mutum ya sa hannu, ko turin ya kai na laifi, wannan kima ce. Hoton Rojo mutum dubu sun kalla, rabi sun ce fenareti ne, rabi sun ce a'a. Na'ura ba ta ganin niyya. A irin wannan, wanda ke cikin fili, yana jin ƙarar karo, yana ganin fuskokin 'yan wasa, shi ya kamata a bar wa magana, sai fa in ɓarnar ta fito fili yadda makaho ma zai shafa ya ji.

Ka tuna abin da ya sa aka shigo da alƙali tsakiyar fili a 1891, wato don a daina tsayar da wasa ana jiran na gefe. In aka sakar wa na bidiyo ragama duka, an koma gidan jiya ke nan, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. 'Yan zari-ruga tun 1996 suke ƙara masa iko suna ragewa, har yau ba su daina gardama ba.

Wani abu kuma da ya kamata a gaya wa yaran nan. A filayen unguwa da na makarantu, daga Tudun Wada zuwa Giwa da Soba da Maƙarfi, babu kyamara ko ɗaya. Mai usur ɗan'uwanmu ne, sau da yawa malamin makaranta ne da ya zo taimako, ko kuɗin mota ba a ba shi. In masu kyamarori barkatai suna kuskure, ina ga mai ido biyu a cikin ƙura? Don haka in ya busa abin da bai yi muku daɗi ba, kada a bi shi da jifa ko sanda. A damben gargajiya ma, in aka raba an raba, wanda ya sha ƙasa ya karkaɗe jikinsa ya jira wata kaka.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, a kuma gaishe mana da 'yan rumfa baki ɗaya. Masu sauraro sai ku ci gaba da aiko da takardunku, ku rubuta sunan gari da kyau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.