Shata da Faifai: Riwaya Ɗaya Ba Ta Zama Nassi

Kafin garmaho da rediyo su yaɗu a ƙasar Hausa, arzikin babban makaɗi yana rataye ne a wuyan ubangidansa, domin irin su Sarkin Taushin Katsina, ko Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ci da sha da suturarsu da dokin hawansu duk daga hannun sarki suke fitowa. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai bi wannan tafarki ba. Haƙiƙa ya yi iyayen gida, kuma ƙaunar da ke tsakaninsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba ɓoyayya ba ce, har ma a Daura aka yi masa sutura da ya rasu a 1999. Amma bai taɓa zama makaɗin fada ɗaya ba, ya yi wa sarki, ya yi wa direba da ɗan kasuwa, ya yi wa kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969.

A ganina, ba ƙarfin hali kaɗai ya ba shi wannan 'yanci ba, na'ura ma tana da rabonta. Tun da aka buɗe gidan Rediyo Talbijin na Kaduna a 1962, sannan kaset ya yaɗu a shekarun 1970, manomin da ke Babban Duhu ko wani ƙauye na ƙasar Batsari da Safana, wanda la'alla bai taɓa ganin Shata ido da ido ba, ya san amon kalangunsa kamar yadda attajirin Kano ya san shi. Makaɗin da jama'a masu yawa haka suka riƙe shi kuwa, fushin mutum ɗaya ba ya hana shi abinci.

Sai dai akwai mas'alar da ta dame ni game da yadda ɗaliban ilimi suke mu'amala da abin da aka ɗauka. Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya zaman bita. A fagen wasa yake shirya ta, yana duban wanda ya shigo da wanda ya yi kari, 'yan amshi suna riƙe masa gindin waƙar, shi yana saƙa ɗiyanta yadda zuciya ta ba shi. Tsohon faifan garmaho kuwa bai wuce kimanin minti uku a kowace fuska ba, saboda haka abin da ya shiga cikinsa yanki ne da aka datse bisa gwargwadon na'ura, ba bisa nufin mai waƙa ba. Waƙarsa Bakandamiya kanta ya rera ta sau da dama, kowane zubi da abin da ya ƙara ko ya rage. Duk da haka sai ka ga ɗalibi ya juyi kaset guda, ya gina hukunci a kansa tamkar nassi, alhali riwaya ce ɗaya cikin riwayoyi. Malaman hadisi ba su yarda da matani ba tare da isnadi ba, kuma ladabin nan ya dace da mu: wa ya ɗauka, a ina, wace shekara, a gaban wa?

Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah! a 2006. Aikin da ya saura shi ne na tahƙiƙin riwayoyin, kuma yana da gaggawa, domin kaset ɗin da masu shaguna suka yi ta kwafa daga hannu zuwa hannu, galibi ba kwanan wata ba sunan makaɗan kalangu, yanzu an juye shi cikin wayoyi, dattawan da za su iya shaida ranar da aka yi kowane wasa kuwa suna ta raguwa.