Tarihin Masu Barin Giya da Darasinsa ga Mutanen Damargu

 Ya ku ƴan'uwa masu saurarenmu a Tanut da Balbeji da Gangara da sauran garuruwan Damargu, darasinmu na yau tarihi ne: yadda magabata suka rabu da giya, da abin da mai neman rabuwa da ita zai koya daga gare su.

Giya ta shiga jinin Larabawan jahiliyya, shi ya sa Allah bai haramta ta rana ɗaya ba. A suratul Baƙara aka bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta, a suratun Nisa'i aka hana kusantar salla cikin maye, sannan hani yankakke ya sauka a suratul Ma'ida, bayan yaƙin Uhudu. Anas ɗan Maliku ya ba da labari cewa ranar yana shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha, sai suka ji mai shela. Nan take aka tuntsurar da tuluna, giya ta malala a hanyoyin Madina. Ku lura da kyau: tare suke sha, tare kuma suka bari.

Duk da haka an samu wanda jarabar ta yi ta kayar da shi. Buhari ya ruwaito cewa an sha kawo wani mutum gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, saboda sha. Wata rana wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, amma ba a kore shi daga sahu ba.

A zamanin Sayyidina Umaru kuwa, ga Abu Mihjan Assaƙafi, jarumi, mawaƙi, wanda bulala ta kasa raba shi da giya. A yaƙin Ƙadisiyya Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya sa masa mari. Ya roƙi Salma matar Sa'adu ta kwance shi, da alkawarin in ya rayu zai dawo. Ta yarda, ya hau dokin Sa'adu ya yi yaƙi, ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Da Sa'adu ya sake shi ba duka, sai ya rantse shi da giya har abada. Abin da bulala ta kasa, amincewar ƴan'uwa ta yi shi.

Mutanen wasu ƙasashe ma sun kai ga wannan hikima ta hanyar jarrabawa. A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson, wanda bai daɗe da barin giya ba, ya ji sha'awarta ta taso masa. Sai ya nemi mashayi irinsa don su yi magana, aka haɗa shi da likita Bob Smith. Daga zaman mutum biyun nan aka samu ƙungiyar mashaya masu ɓoye sunansu, wadda ta bazu a duniya. A 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa tasu bisa koyarwar Musulunci, suka kira ta Millati Islami.

To, ina mutumin Damargu zai sami irin wannan zama? Tarihinmu ya amsa. Ƙasarmu hanyar ayari ce tsakanin Damagaram da Abzin, kuma kakanninmu sun san ba a shiga hamada sai da madugu da abokan tafiya. Da gayya muke noman gero. Dattawa sun ga samariya a zamanin Janar Saini Kunce, kuma tun shekarun 1990 matasa suka kafa fada, inda ake kwana kan butar shayi. A fada yaro kan fara kurɓar giya da haɗiyar taramol, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Fadar da ta ɓata mutum, wata fadar ke gyara shi.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa da aka jarraba, fara da neman wanda ya riga ka tuba, shi ne madugunka. In ba ka san shi ba, keɓe da limamin unguwarku, ya haɗa ku. Mutum biyu sun isa a fara. Ku tsayar da lokaci: yanzu bayan tarawihi, bayan salla kuma dare ɗaya a kowane mako. Sharuɗɗa uku ne: abin da aka faɗa a tabarma amana ne, ba gori tsakaninku, wanda ya zame kuma a je a tayar da shi. Wanda jikinsa ke karkarwa in bai sha ba, ya fara zuwa likita, domin yankewa lokaci guda na iya jawo masa farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai.

Ku kuma jama'a, kun ga rumbunan da giya ta cinye tun bazara ba ta kama ba, kun ga auren da ta kashe. Haɗari mafi girma yana ranar salla, lokacin da majalisin tafsiri zai watse, tsofaffin abokai kuma suna jira. Kada ku bar mai tuba shi kaɗai a wannan rana.

Allah Ya karɓi tubanmu, Ya shiryi zuri'armu, Ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata.