Zuriyar Jiragen Mil Masu Saukar Ungulu: Nazarin Dangantakar Samfurin Soja da na Farar Hula da Tasirinta ga Masu Saye a Afirka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci jiragen sama masu saukar ungulu da ofishin ƙere-ƙere na Mil da ke Mosko ya tsara daga 1947 zuwa yau, domin gano yadda samfurin soja da na farar hula suke da tushe ɗaya. An kwatanta jiragen ta fuskar inji, farfela, nauyin ɗauka da irin aikin da aka sa su. Binciken ya nuna cewa tarayyar da jiragen suka yi a kayan ciki ita ce sirrin yaɗuwarsu, kuma ita ce ta jefa masu saye, ciki har da Najeriya, cikin matsalar kayan gyara tun daga 2014.

Gabatarwa

A jerin jiragen da kamfanoni ke tallatawa, al'ada ce a raba shafi biyu, a sa na yaƙi a gefe, na jigilar mutane da kaya a gefe. Wannan rabo yana da amfani ga ɗan kasuwa, amma yakan ɓoye wa mai nazari gaskiyar yadda ake ƙera jirgi mai saukar ungulu. Abin da ya fi tsada da cin lokaci a ƙirar irin wannan jirgi shi ne inji, da giyabos, da babbar farfela. Duk wanda ya samu waɗannan uku sun zauna daidai, ba ya son sake su. Sai dai ya riƙa sauya musu gangar jiki. Babu inda wannan ɗabi'a ta fito fili kamar a jiragen Mil, shi ya sa aka zaɓe su. An dogara ne ga bayanan ƙira da masana'antun suka bayyana, da kuma abubuwan da suka faru a bainar jama'a.

Asalin Zuriyar

Mikhail Mil, haifaffen Irkutsk a 1909, ya samu izinin kafa ofishinsa a ƙarshen 1947, kuma jirginsa na farko, Mi-1, ya tashi a 1948. A tsarin Tarayyar Sobiyat, ofishi ne ke zana jirgi ya gwada shi, sannan a miƙa wa masana'antu daban su ƙera. Don haka har yau a Kazan da Ulan-Ude ake ƙera dangin Mi-8, a Rostov kuma ake yin Mi-35 da Mi-28 da Mi-26. Ƙaramin Mi-2 ma gaba ɗaya a Folan aka ƙera shi, fiye da guda 5,000. Wani abin lura shi ne, mai saye ɗaya ne a wancan zamani, wato gwamnati. Ita ke da rundunar soja, ita ke da kamfanin Aeroflot. Jirgin da zai kai soja bakin daga shi ne zai kai masu haƙar mai dajin Saiberiya inda babu hanya. Mil ya rasu a 1970, Marat Tishchenko ya gaje shi. A 2007 aka tattara ofisoshin da masana'antun a ƙarƙashin kamfanin gwamnati na Russian Helicopters.

Mi-8 da Mi-17: Ginshiƙin Gidan

Mi-8 ya fara tashi a 1961 da inji ɗaya, a 1962 aka mayar da shi mai inji biyu. An ƙera fiye da 12,000, adadin da babu wani jirgi mai saukar ungulu mai inji biyu da ya kai. Babbar farfelarsa tana da fikafikai biyar, faɗin kewayenta ya ɗan haura mita 21. Samfurin soja yana ɗaukar dakaru 24 a kan kujerun da ake naɗewa a jikin bango, samfurin fasinja kuma yana da kujeru 28 da tagogi masu kusurwa huɗu maimakon zagayayyu. A baya akwai ƙofa mai ɓari biyu da ke buɗewa a shigar da ƙaramar mota ko gadajen majinyata.

A tsakiyar shekarun 1970 aka ɗora masa injin TV3-117, wanda ya fi na farko ƙarfi, aka kira shi Mi-8MT a gida, Mi-17 a kasuwar waje. Mai ido zai iya bambanta su daga nesa: farfelar wutsiyar tsohon Mi-8 tana gefen dama, ta Mi-17 tana gefen hagu. Sabon yana tashi da nauyin tan 13, tan 4 daga ciki kaya ne.

Dalilin farin jininsa a Afirka yana cikin wasu ƙananan abubuwa da jadawalin talla ba ya damuwa da su. A bayan giyabos akwai wani ƙaramin inji mai suna AI-9V wanda ke tayar da manyan injinan, saboda haka jirgin zai kwana a filin ƙwallon wani ƙauye ya tashi da safe ba tare da an kawo masa janareta ba. A bakin kowane inji akwai matata mai siffar ƙwarya da aka kife, wadda ke karkatar da iska ta watsar da yashi kafin ya shiga ciki. Wanda ya taɓa ganin jirgi mai saukar ungulu yana sauka a Munguno ko Diffa cikin hunturu, ƙura ta turnuƙe har jirgin ya ɓace wa ido, ya san darajar wannan matata, domin yashi yana cinye fikafikan cikin inji tun kafin wa'adinsu ya cika. Sannan ma'aikatansa uku ne: matuƙi, mataimakinsa, da injiniya da ke zaune a tsakaninsu, wanda ke duba jirgin da kansa duk inda aka sauka. Murafun injin idan an buɗe su sukan zama dandamalin da makanike zai tsaya a kai, ba sai an nemo tsani ba.

Mayar da wannan jirgi na yaƙi ba ya buƙatar dogon aiki. A ɗaura masa maratayin roka a gefe biyu, a liƙa farantan sulke a kewayen matuƙa, a kafa bindiga a ƙofa. A cire su a shafa farin fenti, ya koma jirgin agaji.

Mi-24 da Mi-35

Mi-24 ya fara tashi a 1969, ya shiga aiki a farkon shekarun 1970. Kallon farko ba zai nuna wata alaƙa da Mi-8 ba: siririn jiki, matuƙi da maharbi ɗaya a bayan ɗaya, da gajerun fikafikai a gefe masu ɗauke da makamai. A ciki kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, domin an gina injinansa da giyabos da tsarin farfelarsa a kan na dangin Mi-8, kuma injin TV3-117 ɗin nan shi ne a cikinsa. Mil ya so jirgin da zai yi harbi ya kuma sauke soja, shi ya sa aka bar masa ɗaki mai cin mutum takwas. A yaƙin Afganistan na 1979 zuwa 1989 an gane cewa haɗa ayyukan biyu yana nauyaya jirgin, sai aka koma barin Mi-8 ya ɗauki dakaru, Mi-24 ya yi masa rakiya. Daga 1986, lokacin da makamin Stinger da ake harbawa daga kafaɗa ya shiga hannun mujahidai, dole aka ƙara wa jiragen biyu na'urorin rage zafin hayaƙi da tartsatsin yaudarar makami. Darasin wannan yaƙi ya ƙarfafa ƙirar Mi-28, wanda ya fara tashi a 1982, aka kuma cire masa ɗakin dakaru. Shi ne ɗan gidan da ba shi da wani aiki sai yaƙi.

Mi-35 sunan kasuwar waje ne na Mi-24. Samfurin Mi-35M, wanda Najeriya ta saya, yana da injin VK-2500, da na'urorin gani da dare, da tayoyin da ba a naɗewa.

Manyan Masu Ɗaukar Kaya

Mi-6 na 1957 da V-12, wanda ya ɗaga fiye da tan 40 a 1969 amma bai wuce matakin gwaji ba, su suka share fage ga Mi-26. Wannan ya fara tashi a 1977, yana da farfela mai fikafikai takwas da faɗin mita 32, yana ɗaukar tan 20. Tarihinsa ya isa hujja kan batun wannan maƙala. A 1986 yana cikin jiragen da suka yi aiki a kan tashar nukiliyar Chernobyl da ta fashe. A 2002 wani Mi-26 na farar hula ya ɗauko jirgin Chinook na sojan Amurka da ya lalace a tsaunukan Afganistan. A watan Agustan wannan shekara kuma aka harbo wani na soja a Khankala ta Checheniya, mutum 127 suka mutu, domin an cika shi fiye da ƙima.

Matsalar Farin Fenti

Kamancen da ke tsakanin samfurin soja da na farar hula yana da illar da ta shafi rayuka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekaru tana hayar Mi-8 da Mi-17 daga kamfanoni irin su UTair domin ayyukanta a Sudan, Sudan ta Kudu, Kwango da Mali, alhali rundunonin waɗannan ƙasashe suna amfani da irin jirgin wajen yaƙi. Mai riƙe da bindiga a ƙasa siffa ɗaya yake gani, ƙara ɗaya yake ji. A Darfur, kwamitin ƙwararru na Majalisar ya yi ƙorafi kan jiragen soja da aka shafa wa farin fenti irin na masu agaji. A Disamban 2012 aka harbo Mi-8 na Majalisar a jihar Jonglei ta Sudan ta Kudu, ma'aikata huɗu 'yan Rasha suka mutu. A Agustan 2014 aka sake harbo wani kusa da Bentiu. A ra'ayin mai wannan nazari, duk rundunar da ta ari kamannin jirgin agaji ta ɗauki alhakin duk matuƙin agajin da aka harbo bayan haka.

A kasuwar farar hula tsantsa kuwa, jiragen Mil ba su yi tasiri sosai ba. Kamfanonin da ke jigilar ma'aikatan mai a yankin Neja Delta sun fi karkata ga S-76 na Sikorsky da AW139 na Leonardo, waɗanda ba su kai Mi-17 shan mai ba, kuma suna da takardun amincewar hukumomin Turai da Amurka da masu inshora ke nema. Mi-38, wanda ya fara tashi a 2003, da Mi-171A2, wanda ya samu takardar amincewa a Rasha a 2017, an yi su ne domin cike wannan giɓi, amma siyasa ta sha gabansu.

Inji, Takunkumi da Halin da Najeriya ke Ciki

An tsara injin TV3-117 a ofishin Klimov da ke Leningrad, amma a masana'antar Motor Sich ta birnin Zaporizhzhia a Yukren aka riƙa ƙera shi da yawa. Injin D-136 na Mi-26 ma ɗan can ne. Wannan bai zama matsala ba sai a 2014, lokacin da Rasha ta karɓe Kirimiya, Yukren ta hana sayar mata da kayan soja. Rasha ta koma ƙera VK-2500 a gida. A 2017 Amurka ta kafa dokar CAATSA mai barazanar takunkumi ga masu manyan cinikin makamai da Rasha, kuma tsoron wannan doka ya sa Filifin ta soke cinikin Mi-17 guda 16 a 2022. Abin mamaki, ita kanta Amurka ta sayi Mi-17 guda 63 daga Rasha domin sojan Afganistan a farkon shekarun 2010. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022 ya sa masana'antun ƙasashen biyu suka shagala da buƙatun ƙasashensu.

Illar wannan ga mai jirgi a Afirka tana fitowa ne daga tsarin kula da jiragen. Kowane babban sashe, inji ko giyabos ko fiffiken farfela, yana da littafinsa da wa'adinsa na sa'o'in tashi ko na shekaru, duk wanda ya riga cika. Idan ya cika, dole a kai shi garambawul a masana'antar da ke da izini, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau a ido. Tun da Mi-17 da Mi-35 dangin inji ɗaya suke sha, yankewar safaya tana zaunar da jirgin yaƙi da na ɗaukar majinyata a lokaci guda.

Rundunar Sojan Saman Najeriya ta fara amfani da Mi-35P a farkon shekarun 2000, ta karɓi Mi-35M biyu na farko a ƙarshen 2016, wasu biyu a 2018. Jiragen sun yi aiki tuƙuru a yaƙi da Boko Haram da 'yan bindigar daji, sun kuma ci rayukan matuƙa: Mi-35M ya faɗi a Damasak ranar 2 ga Janairun 2019 da ma'aikata biyar, Mi-171, ɗan dangin Mi-17, kuma ya faɗi a ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja ranar 14 ga Agustan 2023 yana kwashe sojojin da aka jikkata. Najeriya ta juya ga AW109 na Italiya, T129 na Turkiyya, da AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince ta sayar mata a 2022. Wannan ya rage dogaro ga ƙasa ɗaya, amma ya haifar da sabon nauyi, domin kowane samfuri yana buƙatar nasa makanikai, nasa kayan aiki, da nasa rumbun safaya. Kuma daga cikin ukun babu mai ɗaukar tan 4 ko dakaru 24. Gurbin Mi-35 ake cikewa. Gurbin Mi-17, wanda ke kai abinci da harsashi ga sojan da aka yanke wa hanya ya kuma kwaso mai rauni, yana nan a buɗe.

Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru duk suna da jiragen wannan zuriya, kuma yaƙi ɗaya suke yi a kewayen Tafkin Chadi. Ya kamata hukumomin tsaron waɗannan ƙasashe su haɗa kuɗi su kafa cibiyar garambawul guda ɗaya a yankin, su horar da makanikansu, kuma kada a sake sa hannu kan cinikin jirgi ko na wace ƙasa ne sai an rubuta wa'adin samar da safaya da horar da injiniyoyi a cikin yarjejeniyar.