Daga Madafa Zuwa Jami'a: Taƙaitaccen Tarihin Ilmin Tsara Cimaka

1.0 Gabatarwa

A manyan asibitoci na wannan zamani akwai wani ma'aikaci wanda ba ya yin allura, ba ya fiɗa, amma sai da yardarsa ake ɗora wa wasu majinyata tukunya. Wannan shi ne masanin tsara cimaka, watau wanda ya karanci abin da ya dace mai lafiya da maras lafiya su ci, sa'an nan aka yi masa rajista. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aikin da a da ake ɗauka na kuku ne ya zama fannin da ake neman digiri a kansa, da kuma abin da tarihinsa ke koya wa mai nazarin harshe da al'ada.

2.0 Zamanin Lura

Sanin cewa abinci magani ne ba sabon abu ba ne. Abubakar al-Razi, likitan nan na Bagadaza wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya wallafa littafi sukutum a kan amfanin nau'o'in abinci da hanyar kauce wa cutarwarsu. Sai dai ilmin magabata ya dogara ne a kan lura, babu gwaji na ƙa'ida.

Gwaji irin wannan ya bayyana a 1747, sa'ad da James Lind, likitan sojan ruwan Ingila, ya ɗebi matuƙa 12 masu fama da ciwon da ke kumbura dasashi yana zubar da haƙora. Ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗanda aka ba lemon zaƙi da na tsami su ne suka murmure cikin 'yan kwanaki. Duk da haka, sai a 1795 hukumar sojan ruwa ta wajabta ba matuƙa ruwan lemo. Shekara 48 ke nan mutane suna mutuwa alhali an san magani, domin babu wanda aikinsa ne musamman ya kai sakamakon bincike cikin akushi.

3.0 Zamanin Awo

Ƙarshen ƙarni na 19 ne ya ba wannan ilmi ma'auni. A Amurka, Wilbur Atwater ya ƙididdige ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, ya nuna cewa giram ɗaya na sitaci ko na furotin yana ba da kalori 4, na maiƙo kuwa 9. Har yau da wannan lissafi ake aiki.

A tsibirin Jawa kuma, Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba surfaffiyar shinkafa suna kamuwa da shanyewar ƙafafu, irin wadda ke addabar mutanen yankin, in aka mayar musu da dusar sai su warke. Ashe maganin yana cikin abin da ake sheƙewa a zubar. A 1912 Casimir Funk ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan da ya zama bitamin a bakinmu. Daga nan aka gane cewa mutum kan ƙoshi amma jikinsa yana cikin yunwa.

4.0 Kafuwar Sana'a

Da ilmi ya zama na awo da lissafi, sai bukatar ma'aikaci na musamman ta taso. Mata ne suka ɗauki wannan nauyi, galibinsu waɗanda suka karanci ilmin tattalin gida ko aikin jinya. A 1917, shekarar da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, Lulu Graves da Lenna Cooper suka jagoranci wani taro a Cleveland, inda aka kafa ƙungiyar masana tsara cimaka ta ƙasar. Ta Birtaniya ta biyo baya a 1936.

Ciwon sukari ya taimaka ƙwarai wajen ɗaukaka darajarsu. Kafin 1922, babbar dabarar da likitoci ke da ita ita ce ƙuntata wa majinyaci abinci har ya kusa halaka. Bayan an fara amfani da allurar insulin a Toronto a wannan shekara, sai ya zama tilas a daidaita abin da mutum ya ci da yawan allurar da aka yi masa, domin kuskure kaɗan na iya jefa shi cikin suma. Aikin da rai ya rataya a kansa haka ba a barinsa ga kowa.

Wannan ne asalin rajista. A Birtaniya dokar 1960 ta sa masana tsara cimaka cikin ma'aikatan lafiya da hukuma ke rubuta sunayensu. A Amurka ƙungiyar ta fara rajista a 1969, bisa sharaɗin digiri, da horo a ƙarƙashin ƙwararru, da cin jarrabawa. Tun daga Janairun 2024 kuwa, sai mai digiri na biyu ke zama wannan jarrabawa. Ɗalibi kan karanci ilmin sinadarai, da aikin gaɓoɓin jiki, da cututtuka, da sarrafa abincin jama'a masu yawa. Rajista dai shaida ce da ke rarrabe wa majinyaci masani da mai kame-kame.

5.0 Darasin Gwalkwas

Duk abin da muka zayyana a ƙasashen waje ya faru. Amma akwai babi guda da Afirka ta Yamma ta rubuta. A 1929 aka turo wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, zuwa Gwalkwas, watau Gana ta yau. A asibitin yara na Akra ta riƙa ganin yara masu kumburin jiki, da saɓar fata, da jan gashi. Ta bayyana ciwon a 1933, ta danganta shi da yaye a kan kokon masara zalla, ta kuma nuna cewa madara tana taimakawa. Wasu manyan likitocin Ingila suka musa, suka ce wata tsohuwar cuta ce da aka riga aka sani.

Abin lura shi ne inda ta samo haske. Ta tambayi mutanen wurin, suka ce da harshen Ga sunansa kwashiyoko, ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane. A 1935 ta shigar da kalmar cikin rubutun likitanci, har yau kuma ita duniya ke amfani da ita. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma yana da kalmar kwanika, yana kuma cewa yaro ya sha ciki. Fassarar da al'ada ta yi wa dalilin ciwon tana iya bambanta da ta likita, amma lokacin da ta nuna daidai ne: haɗarin yana ga yayen gaggawa. Harshe ya riga ɗakin bincike adana wannan sani.

Haka kuma batun jadawalin sinadaran abinci, wanda shi ne makamin aikin masani. Sai a 1968 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawali domin Afirka, na Afirka ta Yamma kuwa ya fito a 2012, aka faɗaɗa shi a 2019. Wanda ya haddace awon burodi da dankalin Turawa, amma bai san na tuwon dawa da fura da miyar kuka ba, ba shi da abin faɗa wa mai ciwon sukari a Katsina ko Maraɗi.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda wannan fanni ya taso daga lura zuwa awo, daga awo zuwa sana'a mai rajista. Mun kuma ga cewa a kowane mataki matsalar guda ce, watau isar da abin da aka sani zuwa ga tukunyar mai bukata. A ƙasar Hausa wannan isarwa da Hausa za a yi ta, da mudu da ludayi da malmala, ga uwar da ɗanta ke fama da tamowa. Saboda haka akwai aiki a gaban masana harshe: tattara sunayen abinci da na cututtuka irin su dundumi da maƙoƙo, da daidaita kalmomin fannin, domin ɗalibin da ya fito daga jami'a ya iya magana da wadda ke riƙe da muciya.