Abin da ke sanyaya rai fiye da latsa waya

Duk wanda ya zauna majalisa bayan isha'i a Agege ko Sabon Ibadan ya san hoton: mutum biyar a benci ɗaya, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Ni ma ban cire kaina ba. Sai in ce minti biyar zan leƙa TikTok, kafin in ankara sha biyu ta buga. Kewar gida tana nan, ga gajiya ta ƙaru.

Ba sakacinmu kaɗai ba ne. An ƙera manhajojin ne yadda bidiyo ba ya ƙarewa, wannan na tafiya wani na shigowa. Hasken allo da daddare kuma yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke kawo barci.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne tafiyar ƙafa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga baligi ita ce motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ta kuma ce yana rage damuwa. Minti 30 ke nan, kwana biyar. Mai shago da ɗan canji, masu wuni a zaune, su suka fi buƙata. Ni masallacin da ya ɗan fi nisa nake zuwa la'asar, in biya in gaida wani dattijo ɗan garinmu. Ƙwallon safiyar Lahadi ko makarantar dare ma sun isa.

Kafin nan, duba Digital Wellbeing a saitin wayar Android, ko Screen Time a iPhone, ka ga awa nawa ka ci jiya.