Haƙƙin Mallaka da Yaɗa Ilimi: Waiwaye a Kan Dangantakar Manazarta da Kamfanonin Ɗab'i

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 2015 editoci shida na mujallar Lingua, tare da 'yan kwamitinta su 31, suka ajiye aiki a lokaci guda saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsu da kamfanin Elsevier mai buga ta. Tambayar da ta haddasa rikicin tsohuwa ce: shin wane ne mai binciken da aka buga, wanda ya yi shi ko kuwa wanda ya buga shi? Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan tambaya a tarihi, sannan ta fito da ra'ayoyin manazarta a kanta.

2.0 Asalin Al'amarin

Mujallar ilimi ta girmi dokar haƙƙin mallaka. A 1665 aka fara buga Journal des sçavans a Faransa da Philosophical Transactions a Ingila, ta biyun a ƙarƙashin Henry Oldenburg. Sai a 1710 aka kafa Dokar Sarauniya Anne, wadda ta ba marubucin sabon littafi kariyar shekara 14, da damar sabunta ta sau ɗaya in yana raye. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kuwa ita ta sa kariyar ta ƙetare iyakokin ƙasashe.

An gina waɗannan dokoki ne bisa tunanin cewa marubuci da cinikin littafinsa yake ci. Manazarci ba haka yake ba. Ba a biyansa ladan maƙala. Ribarsa ita ce a karanta shi, a ambaci sunansa, ya kuma sami ƙarin girma a wurin aiki. Wannan hali bai yi nisa da al'adar malaman zaure a ƙasar Hausa ba, inda almajiri kan ari littafi ya kwafe shi da hannunsa. A can, abin da ake kiyayewa shi ne sunan mawallafi da ingancin matani, ba a hana kwafa.

3.0 Shigowar 'Yan Kasuwa

Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, ƙungiyoyin masana da maɗaba'un jami'o'i ne ke riƙe da babban kaso na mujallu. Bayan yaƙin gwamnatoci suka zuba kuɗi a bincike, maƙalu suka yi wa ƙungiyoyin yawa, sai 'yan kasuwa suka ga hanya. Fitacce a cikinsu shi ne Robert Maxwell, wanda ya kafa Pergamon Press a 1951, ya kuma sayar wa Elsevier da shi a 1991 kan fam miliyan 440. Ya fahimci cewa mujalla ba ta da madadi, wato ɗakin karatun da ke buƙatar wata maƙala ba zai iya sayen wata mai rahusa a maimakonta ba.

Dokar Amurka ta 1976 ta shardanta cewa miƙa haƙƙin mallaka sai da rubutacciyar takarda mai sa hannu. Daga nan takardar miƙa haƙƙi ta zama ruwan dare, manazarci ya sa mata hannu kafin a buga aikinsa. Ta haka ya zamana shi ya yi binciken, takwarorinsa suka tantance kyauta, sannan jami'arsa ta sayi mujallar da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Nijeriya matsalar ta fi tsanani. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, ɗakunan karatu na jami'o'i suka kasa ci gaba da sayen mujallun waje. Malami kan buga bincikensa a Turai, amma ɗalibansa ba su da hanyar ganinsa. Dokar soja mai lamba 47 ta 1988, wadda ta maye gurbin ta 1970, da shigar ƙasar cikin Yarjejeniyar Berne a 1993, sun ƙarfafa yaƙi da satar fasaha, sai dai ba su magance wannan ƙishirwa ba.

4.0 Yunƙurin Buɗe Ƙofa

Zuwan intanet ya rage kuɗin rarraba rubutu ƙwarai. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe rumbun da daga baya aka sa wa suna arXiv, inda masana fiziks ke ajiye maƙalunsu kafin a buga. A 1994 Stevan Harnad ya yi kira ga manazarta na kowane fanni da su yi koyi da haka. An soma African Journals Online a 1998 domin fito da mujallun Afirka sarari, sannan Sanarwar Budapest ta 2002 ta zayyana hanyoyi biyu: manazarci ya ajiye kwafin aikinsa a rumbu, ko kuma a kafa mujallun da karanta su kyauta ne. A 2012 kiran masanin lissafi Timothy Gowers ya sa dubban manazarta suka yi alkawarin ƙaurace wa Elsevier.

A wannan yanayi ne rikicin Lingua ya auku. Editocinta, a ƙarƙashin Johan Rooryck, sun nemi a buɗe mujallar ga kowa, a rage kuɗin da ake caza a kan kowace maƙala, a kuma bar wa marubuta haƙƙinsu. Kamfanin ya ƙi, ya kuma riƙe sunan mujallar. Su kuwa suka kafa Glossa a 2016. Darasin a fili yake: suna na kamfani ne, amma martabar mujalla tana tare da masu tantance ta.

5.0 Ra'ayoyin Manazarta

Ana iya kasa ra'ayoyin gida uku. Rukuni na farko na ganin kamfani na yin aikin da ya cancanci lada, kamar gyara da tsarawa da adanawa, don haka miƙa haƙƙi ba asara ba ce, musamman ga matashin malami da ke neman fitacciyar mujalla domin ƙarin girma. Rukuni na biyu na cewa binciken da aka yi da dukiyar jama'a na jama'a ne, kuma ya isa marubuci ya ba kamfani izinin bugawa ba tare da ya sallama mallaka ba. Rukuni na uku ya yarda da buɗe ƙofa, amma yana gargaɗin cewa yawancin manyan kamfanoni sun ɗauke nauyin biya ne daga mai karatu suka ɗora wa marubuci. Ga malamin da ke karɓar albashi da naira, cajin dala dubu biyu ko uku a kan maƙala guda ya mayar da shi daga wanda ba ya iya karantawa zuwa wanda ba ya iya bugawa.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa sallama haƙƙin mallaka ga kamfani al'ada ce da ta yi ƙarfi a rabin ƙarni na ashirin na biyu, ba sharaɗin ilimi ba ne. Sabuwar dokar Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, don haka abin da aka sallama a takarda guda zai iya shafar jikoki. Ya kamata manazarcin harsunan Nijeriya ya duba abu uku kafin ya sa hannu: ko zai iya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa, ko zai iya raba wa ɗalibansa, da kuma ko zai iya fassara aikin zuwa harshen mutanen da ya tattaro bayanai daga bakinsu. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci, domin masu harshe su ne suka fi cancantar ganin abin da aka rubuta a kansa.