Babbar Ruga: Ƙaunar da Ba Ta Gindaya Sharaɗi

A bayan birnin Katsina, a kan hanyar Batsari, akwai wani wuri da ake kira Babbar Ruga. Mutanen Katsina sun san shi da asibitin kutare. Ya kamata mai hidimar bishara ya san tarihinsa, gama a wurin ne waɗansu daga cikin masu bi na farko a ƙasar Katsina suka gane abin da ake nufi da ƙaunar Allah.

A zamanin da, kuturu a ƙasar Hausa mutum ne da aka yanke wa hukunci ba tare da shari'a ba. Jama'a sun ɗauka cutar gado ce, don haka ba a son haɗa zuri'a da gidansa. Akushinsa dabam, tabarmarsa dabam. In yatsu suka gutsure, fartanya ta gagare shi, sai bara. A manyan garuruwa kutare har sarkinsu gare su. Ana ba su sadaka, amma daga nesa. Tun a 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, amma wannan sani bai kai ga zukatan mutane da wuri ba.

Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta daɗe tana neman shiga masarautun Arewa, gwamnatin mulkin mallaka tana hana ta, don kada a saɓa wa sarakunan Musulunci. Ƙofa ta buɗe a 1937, sa'ad da aka miƙa wa SIM kula da matsugunan kutare na lardunan Kano, Sakkwato da Katsina: Yadakunya, Amanawa da Babbar Ruga. A lokacin Muhammadu Dikko ne Sarkin Katsina. Amma ba a buɗe ƙofar haka kawai ba. An kafa wa 'yan mishan iyaka a kan yi wa Musulmi wa'azi, ba su kuma da ikon tilasta wa majinyaci sauraron bishara kafin a ba shi magani.

Ga mai son ƙidaya tubabbu, wannan iyaka cikas ce, kuma babu shakka 'yan mishan sun zo da fatan ganin mutane sun tuba. Duk da haka iyakar ta sa aikin ya ɗauki siffar bishara kanta. Mai yin salla da mai zuwa sujada layi ɗaya suke bi. Maganin lokacin shi ne allurar man calmugura, wani itace na ƙasar Indiya, allura mai zafi wadda ba ta cika warkarwa ba. Sai a shekarun 1950 ƙwayar dafson ta wadatu, aka fara sallamar mutane da yawa. Ke nan shekara da shekaru babban abin da majinyaci yake samu shi ne hannun da ke wanke masa gyambo kowace safiya, ko ya gaskata ko bai gaskata ba.

Yawancin majinyatan sun koma gida da addininsu. Waɗansu kuwa suka fara tambayar dalilin da zai sa mai lafiya ya taɓa abin da dangi suka guje wa. Amsar tana cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. A Markus 1:40-45 suka karanta yadda Ubangiji Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturu tun bai tsarkaka ba. Romawa 5:8 kuma ta nuna musu cewa Almasihu bai jira mu gyaru ba kafin ya mutu dominmu. Wanda aka saba miƙa wa sadaka daga nesa ya fahimci wannan fiye da yawancinmu.

Canjin ya bayyana a aikace. Mutanen da aka ɗauka sun gama amfani suka koyi karatu da rubutu. Waɗansu suka zama malaman asibiti, suna yi wa 'yan'uwansu allura da ɗaurin miki. Waɗansu suka zama malaman makaranta da masu bishara, suka yi aure, suka kafa gidaje. Da aka kafa ECWA a 1954, irin waɗannan mutane suna cikin waɗanda suka riƙe ƙananan ikkilisiyoyi a ƙasar Hausa. Mai miƙa ƙoƙon bara ya zama mai bayarwa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Daga baya gwamnati ta karɓi asibitin, yau kuma kuturta tana warkewa da haɗin magunguna da ake bayarwa kyauta. Amma ƙyama ba ta ƙare ba, salo kawai ta sake. A ikkilisiyarka akwai mai ciwon da ake raɗa a kansa, da yarinyar da ta yi cikin shege, da mashayin da ya sha alkawari yana karyawa. In ka ce sai sun gyaru za ka kusance su, ka sa wa ƙauna farashi. Tarbiyyar ikkilisiya tana da wurinta, amma a Babbar Ruga taɓawa ce ta fara zuwa, canji ya biyo baya. Waɗanda ba su tuba ba kuwa, ba a janye musu hannu ba.

Tambayoyi don nazari:

1. Wane sharaɗi ne ikkilisiyarka take gindaya wa mabukata, ko da ba a furta shi da baki?
2. Wane ne a unguwarku ake taimaka wa daga nesa, yaushe kuma za ka shiga gidansa?